Yadda Ake Faɗin “Duk Da Cewa” Da Turanci Ba Tare Da Tuntuɓe Ba

Kowace shekara idan Maris ya kama, zafin Birnin Kebbi ya fara gasa mutane, jarrabawar WAEC kuma ta ƙarato, nakan tara yaran unguwa a zaurena bayan la'asar mu yi bitar Turanci. Bara na ba su aikin gida, na ce kowa ya rubuto mini labarin wata damina da ba zai manta da ita ba. Wata yarinya 'yar Argungu, da ke zaune wajen gwaggonta a unguwarmu, ta kawo nata a falle biyun da ta ciro daga tsakiyar littafi, rubutu tsaf kamar an buga da inji. Labarin ambaliyar 2020 ta bayar, shekarar da ruwa ya shanye fadamun shinkafa. Ga jimlarta ta farko: “Although the flood destroyed our rice, but my father did not give up.” Na ɗauki jan biro na zagaye “but”. Ta leƙo takardar ta ce, “Malam, mi yas sa? Ai daidai na.”

Da Hausa kam tana da gaskiya. Ka ce, “Duk da cewa ambaliya ta cinye mana shinkafa, amma babana bai karaya ba,” babu Bahaushen da zai ɗaga maka gira. Harshenmu ya yarda a kafa alama a farkon magana, a sake kafa wata a tsakiya, har ma ya fi daɗin ji a haka. Turanci alama ɗaya yake so. Yawancin kurakuran da nake gani a wannan babi daga nan suke fitowa: yaro ya ƙulla maganarsa da Hausa a zuci, ya bi ta kalma bayan kalma yana musanyawa. Kuma abin yana da tsada, domin a insha'in WAEC kowane kuskuren nahawu ko na alamar rubutu rabin maki yake ci, daga cikin maki goman da aka ware wa tsaftar rubutu.

Masu nahawun Turanci suna kiran wannan babi “concession”. Ma'anarsa ka amince da wata magana, ka ce e, haka ne, sannan ka nuna ba ta hana abin da ya faru faruwa ba. Ga yadda nake bi da ɗalibaina.

Mataki na farko: ware maganganun biyu tukuna

Kada ka fara da neman kalma. Rubuta abubuwa biyun da kake son haɗawa, kowanne a gajeriyar jimlarsa. “The flood destroyed our rice.” “My father did not give up.” Sai ka tambayi kanka: wanne ne cikas, wato abin da ake zaton zai hana, wanne ne kuma abin da ya faru duk da haka? Ambaliya ce cikas. Rashin karayar uban shi ne labarin. Kalmar “although” da 'yan uwanta a gaban cikas suke zama, ainihin labarin kuma a bar shi ya tsaya da ƙafarsa.

Wannan zaɓi ba na ado ba ne, yana juya ma'ana. A ce mutum biyu sun je kasuwa sun taya albasar Aliero. Na farko ya ce, “Although the onions are expensive, they are very good.” Na biyu ya ce, “Although the onions are very good, they are expensive.” Kalmomi iri ɗaya suka yi amfani da su, amma na farko hannunsa ya riga ya nufi aljihu, na biyu kuwa sallama yake shirin yi. Abin da ba ya ɗauke da “although” shi ne inda zuciyar mai magana take.

Idan kuma ka duba ka ga babu wani abin mamaki tsakanin maganganun biyu, to ba nan babin ba ne. Na sha ganin “Although he studied hard, he passed the exam.” Wanda ya yi karatu ya ci jarrabawa, ina abin mamaki? Wannan aikin “because” ne.

Mataki na biyu: idan cikakkiyar magana ce za ta biyo baya, ɗauki “although”

Daga nan duk abin da za ka yi ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: me zai biyo bayan kalmar? Idan abin da zai biyo baya yana da mai aiki da aikatau, abin da malaman nahawun Hausa ke kira ganga, to kalmominka uku ne: “although”, “though” da “even though”. “Although the road to Yauri is long, we arrived before sunset.” Dubi abin da ya bi “although”: ga “the road”, ga “is”. Ganga ya cika. Amma ba zai iya tsayawa shi kaɗai ba, dogarau ne, sai ya jingina da tsayayyen ganga, wato “we arrived before sunset”. Idan ka sa aya bayan “long” ka bar mai karatu a tsakiyar hanya.

Waƙafi yana da sauƙi a nan. Idan gangan “although” ne ya zo farko, sa waƙafi a ƙarshensa. Idan ya zo daga baya, “We arrived before sunset although the road is long,” kana iya sa waƙafi kafin “although”, kana iya bari, ba wanda zai kama ka.

Bambancin ukun kaɗan ne. “Although” ta fi dacewa da rubutu irin na makaranta da ofis. “Though” ta fi yawo a bakin mutane, kuma tana da wata dabara da sauran ba su da ita: tana iya komawa ƙarshen jimla ta zama kamar “dai” ko “fa” ɗinmu. “The fish was expensive. It was fresh, though.” Kifin ya yi tsada, amma fa sabo ne. Kada ka gwada sa “although” a wannan gurbi. “Even though” kuwa ita ce mai nauyi, ana ɗauko ta idan abin mamakin ya yi yawa: “Even though she had malaria, she wrote all her papers.” A kula, “even” ita kaɗai ba ta wannan aiki. “Even she had malaria, she wrote her papers” karyayyen Turanci ne, ko da yake za ka ji shi a tasha da kasuwa kullum.

Yanzu sai dokar da ta kama 'yar Argungu. Idan ka buɗe da “although”, ka rufe ƙofar “but”. Zaɓi ɗaya. Ko ka ce “Although the flood destroyed our rice, my father did not give up,” ko ka ce “The flood destroyed our rice, but my father did not give up.” Dalilin shi ne dukansu biyu mahaɗai ne, kuma ganga biyu mahaɗi ɗaya suke buƙata, kamar yadda shanun huɗa biyu karkiya ɗaya ke haɗa su. Idan bakinka yana ƙaiƙayi sai ka ƙara wani abu a wurin “amma”, akwai mafita: sa “still” a cikin tsayayyen gangan. “Although the flood destroyed our rice, my father still planted again.” Wannan ya halatta, domin “still” bayanau ce, ba mahaɗi ba.

Wani yaro ya taɓa kawo mini tsohon littafin nahawu na mahaifinsa, bangonsa ya cinye, ya nuna mini jimlar da aka haɗa “although” da “yet”. Bai yi ƙarya ba, tsohon Turanci yana yin haka, kuma har yau akan ci karo da shi a rubuce-rubucen da. Na ce masa ya adana littafin don tarihi, amma a ɗakin jarrabawa, idan ya buɗe da “although”, ya bar “yet” a gida.

Mataki na uku: idan suna ne zai biyo baya, koma ga “despite”

Nan ne aka fi zubar da maki, don haka zan ɗan daɗe. “Despite” da “in spite of” ma'anarsu ɗaya da “although”, amma ba sa ɗaukar ganga. Suna suke ɗauka, ko yankin suna. Hausa ma tana da wannan bambanci, mun dai saba ne ba ma lura. Mukan ce “duk da cewa ana ruwa” mu kuma ce “duk da ruwan”. Na farko shi ne “although it was raining”, na biyu shi ne “despite the rain”. Idan a Hausarka “duk da cewa” ko “ko da yake” ka ce, kana gidan “although”. Idan “duk da” ta faɗa kai tsaye a kan suna, kana gidan “despite”.

Saboda haka “Despite it was raining, the fishermen entered the river” kuskure ne. Hanyar gyara uku ce, ka ɗauki wadda ta fi maka sauƙi.

Ta farko, mai da gangan suna. “It was raining” ya koma “the rain”. “He was ill” ya koma “his illness”. “The sun was hot” ya koma “the heat”. “She is young” ya koma “her age” ko “her youth”. Wannan ita ce hanya mafi kyau, jimla takan fito a tsuke: “Despite the heat, the traders stayed in Jega market until evening.” Ina ba ɗalibai shawara su ware shafi guda a bayan littafi suna tara irin waɗannan tagwaye, “poor” da “poverty”, “fail” da “failure”, “arrive late” da “late arrival”, domin ranar jarrabawa ba lokacin ƙirƙira ba ne.

Ta biyu, liƙa wa aikatau “-ing”. “Although he worked hard” ya koma “Despite working hard”. Sai dai akwai rami a nan. Wanda ya yi aikin da ke ɗauke da “-ing” dole ya zama shi ne mai aikin tsayayyen ganga. “Despite working hard, he harvested only ten bags” daidai ne, domin mai wahalar shi ne mai girbin. Amma “Despite working hard, the rice did not grow well” cewa ka yi shinkafar ce ta sha wahalar aiki. Ranar da na fassara wa yara wannan jimla da Hausa sai da zauren ya kaure da dariya, kuma tun daga ranar ba su sake faɗawa ba. Idan masu aikin sun bambanta, koma ga “although” ka huta: “Although he worked hard, the rice did not grow well.” Kuma ka tuna “is”, “was” da “were” duk “being” suke komawa: “Despite being tired, she cooked for the guests.”

Ta uku ita ce ta mai gaggawa: saka “the fact that” a tsakani, sai gangan ya wuce yadda yake. “Despite the fact that it was raining, the fishermen entered the river.” Nahawu bai hana ba. Ni dai ba na sonta, domin kalma huɗu ce take aikin da “although” ke yi ita kaɗai, kuma idan ta fito sau uku a insha'i ɗaya mai dubawa ya san ɗalibi ya maƙale ne. A riƙe ta kamar tayar safaya.

Saura ƙananan abubuwa biyu masu cin rabin maki a banza. “Despite” ba ta tafiya da “of”. “In spite” kuma ba ta tafiya sai da “of”. Yara sukan gauraya su su haifi “despite of”, wadda babu ita. Sannan “in spite of” kalma uku ce a rarrabe. “Inspite” a haɗe kuskuren rubutu ne, ko a allon talla ka gan ta.

Mataki na huɗu: idan sabuwar jimla za ka buɗe, ga “however”

Wani lokaci maganar farko ta yi tsawo, ko kana son ta zauna a zuciyar mai karatu kafin ka juya. To sai ka sa mata aya, ka buɗe sabuwar jimla da “however”, “nevertheless” ko “nonetheless”. Su ne “sai dai”, “amma duk da haka” na Turanci. Lura da cewa wurin zamansu ya bambanta da na “although”. Ita “although” a gaban cikas take, su kuwa a gaban abin da ya faru duk da haka suke. “The flood destroyed our rice. However, my father did not give up.” Wanda ya cire “although” ya dasa “however” a gurbinta ba tare da ya matsar da ita ba ya kife maganar.

Alamar rubutu a nan ba ta da sassauci. Kafin “however” aya ce ko waƙafi mai ruwa (;), bayanta kuma waƙafi. Abin da ɗalibai suka fi yi shi ne su sa waƙafi kaɗai: “The bus left early, however we arrived late.” Wannan kuskure ne, domin “however” ba mahaɗi ba ce, ba ta da ƙarfin ɗaure jimla biyu. Gyaransa: “The bus left early; however, we arrived late.” Waɗanda ke da wannan ƙarfi su ne “but” da “yet”, su waƙafi kaɗai ya ishe su: “The bus left early, yet we arrived late.”

Ga gwajin da nake koya musu don bambance su. Kalmar da za ka iya ɗagawa ka kai tsakiya ko ƙarshen jimla, ba mahaɗi ba ce. “We, however, arrived late.” “We arrived late, however.” Duk sun yi. Gwada haka da “but” ka ji yadda za ta watse. Saboda haka duk kalmar da ke yawo irin wannan, ka sa aya ko waƙafi mai ruwa kafin ita idan ita ce ta buɗe magana ta biyu. “Therefore” da “moreover” ma wannan doka ce ke kansu.

“However” ta fi sauƙi, juyawa kawai take yi. “Nevertheless” ta fi ƙarfi, tana cewa an ji cikas ɗin, an auna shi, an kuma ci gaba. A wasiƙar neman aiki ko muhawara tana da kwarjini, a wasiƙar aboki kuwa kamar ka sa babbar riga ne za ka gona. Kuma kada a tara su: “but however” tamkar “although” da “but” ce, alama biyu a gurbi ɗaya.

Mataki na biyar: raba “ko da yake” da “ko da”

Wannan mataki Hausa ta riga ta yi maka rabin aikin. “Ko da yake an yi ruwa, mun je gona”: ruwan ya sauka, labari ne tabbatacce. “Ko da an yi ruwa, za mu je gona”: ruwan bai sauka ba tukuna, watakila ma ba zai sauka ba. Na farko “even though”, na biyu “even if”. “Even though it rained, we went to the farm.” “Even if it rains, we will go to the farm.”

Wanda ya rubuta wa abokinsa “Even though you beg me, I will not sell the ram” ya nuna ana roƙonsa ke nan yanzu. Idan nufinsa ko da za a roƙe shi nan gaba ne, “Even if you beg me” zai ce. Masu shirya tambayoyin JAMB da NECO suna son jera waɗannan biyu a cikin zaɓi, sun san inda yara ke zamewa. Ƙarin abu ɗaya: bayan “even if” ba a sa “will”, ko da maganar gobe ake yi. “Even if it rains tomorrow”, ba “even if it will rain” ba.

Mataki na shida: “alhali” da kwatanta abu biyu

Akwai inda ba cikas kake nunawa ba, abu biyu kawai ka jera don a ga bambancinsu. Wannan aikin “whereas” da “while” ne. “Kebbi State was created in 1991, whereas Zamfara was created in 1996.” Ƙirƙiro Kebbi bai zama cikas ga Zamfara ba, kwatanci ne kurum. Gwada shi da wannan: “Although Kebbi State was created only in 1991, the Argungu fishing festival dates back to 1934.” A nan akwai ɗan abin mamaki, jiha yarinya, bikinta dattijo, don haka “although” ta samu wurin zama.

“While” tana da fuska biyu, tana nufin “alhali” tana kuma nufin “yayin da”. Idan jimlarka za ta iya ɗaukar ma'ana biyun, kauce mata ka ɗauki “whereas”.

Sai wasu tagwaye da ke rikita har manya. “On the other hand” tana kawo ɗaya ɓangaren ne, duka biyun gaskiya: noman rani yana kawo kuɗi, ta wani gefen kuma man injin ban ruwa yana cin riba. “On the contrary” kuwa ƙaryatawa take yi, kusan “ina, sam” ce, kuma yawanci bayan jimla mai korewa take zuwa. “The journey was not boring. On the contrary, we enjoyed every minute.” A muhawarar makaranta nakan ji yaro yana ta “on the contrary” alhali ba abin da ya musanta, ra'ayi na biyu kawai yake kawowa.

Mataki na bakwai: “komai” irin ta karin magana

Wannan na fi jin daɗin koyarwa, domin kakanninmu sun bar mana misalai a shirye. Komai nisan dare gari zai waye. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wannan “komai” ita ce “no matter how”, ko “however” idan sifa ta biyo ta nan take. “No matter how long the night is, the day will break.” “However long the night is, the day will break.” Wannan “however” daban take da ta mataki na huɗu: ba a sa mata waƙafi a baya, kuma sifar manne take da ita.

Tsarin shi ne sifa, sai mai aiki, sai aikatau. “No matter how far you throw it”, “however rich he is”. Yara sukan juya shi ya koma tambaya, su rubuta “no matter how rich is he”, ko su jefa sifar can ƙarshe, “no matter how he is rich”. Duka biyun ba su yi ba. Haka “ko me”, “ko wa”, “ko ina” suke da nasu: “whatever you say”, “whoever comes”, “wherever she goes”, ko kuma “no matter what you say” da sauransu.

Ga mai son ya burge mai dubawa, akwai salo biyu na ƙarin ado. Ana iya jawo sifa gaba a bi ta da “as” ko “though”: “Tired as she was, she finished the work.” Ana kuma iya buɗewa da “much as” idan maganar so ko girmamawa ce: “Much as I respect my uncle, I cannot accept his advice.” Sau ɗaya a insha'i ya wadatar. Wanda bai tabbatar da su ba ya bar su, “although” mai tsafta ta fi ado mai yagewa.

Mataki na takwas: amsa tambayar suna da aiki

A sashen karatu da fahimta na WAEC akan ciro wani yanki daga cikin labarin a yi tambaya biyu: mene ne sunansa a nahawu, mene ne kuma aikinsa. Idan yankin ya fara da “although”, “though”, “even though” kuma yana da aikatau nasa, sunansa “adverbial clause of concession”. Aikinsa kuma bayani yake yi a kan aikatau na tsayayyen ganga, kuma dole ka ambaci aikatau ɗin. A jimlar hanyar Yauri da ke sama, amsar ita ce “It modifies the verb ‘arrived’.” Yara da yawa sukan ɗauko aikatau daga cikin yankin da aka ja wa layi, su ce “is”. A'a, waje za ka leƙa. Wanda kuma ya tsaya a “it modifies the verb” bai faɗi wanne ba, ya bar makinsa a kan tebur.

Idan yankin da “despite” ko “in spite of” ya fara, kamar “despite the heat”, to babu cikakken aikatau a ciki, saboda haka kada ka kira shi “clause”. “Phrase” ne, yankin jimla, kuma shi ma aikatau na babbar maganar yake yi wa bayani.

Yadda za ka sa hannunka ya saba

Haddace doka ba ya hana hannu rubuta abin da ya saba. Abin da na ga yana aiki shi ne juyi uku. Kullum ka samo maganganu biyu daga rayuwarka, ba daga littafi ba: an ɗauke wuta amma ka yi karatu, kuɗin mota ya tashi amma ka je Gwandu gaishe da kaka. Ka rubuta su da “although”, ka sake da “despite”, ka sake da “however”. Minti biyar ya isa. A juyi na biyu ne za ka gane ko ka san sunan da ke ɓoye cikin aikatau, a na uku kuma ka gane ko ka san inda aya take.

Idan ka gama insha'i, ka bar minti uku na ƙarshe don farauta. Bi takardar da bakin biro kana neman “although” kawai. Duk inda ka same ta, zarce da ido zuwa waƙafin da ke gabanta ka ga ko “but” ta laɓe a wurin. Sai ka nemi “despite” ka duba kalmar da ke biye da ita: idan “of” ce, ko “he”, “she”, “it”, “they”, akwai gyara. Sai “however”, ka dubi alamar da ta zo kafin ita.

Haka na sa 'yar Argungu ta yi a zauren nan, tana durƙushe a kan tabarma, takardar a kan gwiwa. Ta rubuta ta farko ba “but”. Ta biyu ta ɗan tsaya tana tauna murfin biro, sannan ta rubuta “Despite the destruction of our rice by the flood”, ta dube shi, ta soke, ta mai da shi “Despite the flood, my father did not give up.” Na ce ta bar wannan, ta fi duka. Ta uku ta sa waƙafi kafin “however”, ƙawarta ta zungure ta da gwiwar hannu, ta mai da shi aya. Ina miƙa mata takardar, yaron da ke gefenta ya turo tasa, jimlar farko: “Because the bridge was broken, so we used a canoe.” Na ce, “Ɗiyata, karɓi jan biron nan, ke za ki duba masa wannan.” Ta karanta sau ɗaya, ta zagaye “so”.